Filin Addinin Musulunci: Zakarun Caca da Waɗanda Suka Biya Kuɗin Raƙumi

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya buɗe wa bayinsa hanyoyin neman abinci ta noma da kiwo da fatauci da sana'ar hannu, ya kuma toshe musu ƙofofin cin dukiyar juna a kan ɓarna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata magana da ta fara samun gindin zama a bakin samari, tun daga manyan birane har garuruwan manoma irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan, da ƙauyukan da ke kewaye da su kamar Malikanci. Maganar kuwa ita ce, wai caca iri biyu ce. Akwai ta 'yan tasha, wadda kowa ya yarda abar ƙyama ce. Akwai kuma ta masu ilimi da lissafi, wadda Turawa suka mayar wasa kamar ƙwallo ko dambe, har suna shirya mata gasa ta duniya, suna fitar da zakara kowace shekara. Abin da ya jawo wannan magana shi ne wayar hannu, domin ta cikinta yaro yana zaune a gindin bishiya zai ga hoton wani mutum a Amurka an jibge masa damman kuɗi a kan tebur, jama'a suna ta yi masa tafi. Sai ya ce a ransa, abin da duniya ta taru tana girmamawa haka, ƙaƙa za a ce haramun ne?

Ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Saboda haka ya kamata a fara da tarihin wannan gasa da na zakarunta, yadda su masu abin suka rubuta shi, sa'an nan a ɗora shi bisa ma'aunin shari'a.

ASALIN GASAR

Wasan da ake magana a kansa wani nau'i ne na karta da ake kira foka. A irin wanda ya fi shahara, akan raba wa kowane ɗan wasa karta biyu a rufe, sa'an nan a riƙa buɗe wasu guda biyar a tsakiyar tebur kashi-kashi, kowa yana haɗa nasa biyun da su. A kowane zagaye mutum zai ƙara kuɗi, ko ya biya daidai abin da abokinsa ya zuba, ko kuwa ya janye ya bar abin da ya riga ya sa. Babbar gwaninta a cikinsa ita ce mutum ya sa abokin wasansa ya zaci yana riƙe da abin da ba ya riƙe da shi.

A shekarar 1970 wani mai gidan caca a birnin Las Vegas, mai suna Benny Binion, ya gayyaci 'yan tsirarun mashahuran 'yan karta zuwa gidansa da ake kira Horseshoe. Suka yi kwanaki suna wasa, daga ƙarshe suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Johnny Moss, mutumin jihar Teksas, a matsayin wanda ya fi su, aka ba shi kofin azurfa. Wannan shi ne mafarin gasar da suka sa wa suna World Series of Poker, watau jerin gasannin foka na duniya. Daga 1971 aka canza tsari, aka ce kowa ya zuba kuɗin shiga, a yi ta wasa har mutum ɗaya ya kwashe na kowa. A 1972 aka tsayar da kuɗin shiga babbar gasar a kan dala 10,000, haka kuma yake har yau. Mutum takwas ne kacal suka shiga a wannan shekara, wani mai laƙabin Amarillo Slim ya ci. Daga 1976 aka fara ba zakara munduwar zinariya ya ɗaura a hannu, ita ce kuma alamar girma a tsakaninsu.

Ya kamata mai karatu ya lura tun daga nan cewa mai gidan caca ne ya ƙirƙiro gasar, kuma a cikin gidansa aka fara yin ta. Talla ce ta jawo jama'a zuwa kasuwarsa.

JERIN ZAKARU

Johnny Moss ya sake ci a 1971 da 1974. Doyle Brunson ya ci sau biyu a jere, a 1976 da 1977. A 1980 wani saurayi ɗan birnin New York, Stu Ungar, ya kayar da Brunson ɗin, ya sake ci a 1981, za a kuma dawo kan labarinsa a gaba. Johnny Chan, haifaffen ƙasar Sin, ya ci a 1987 da 1988. A 1989 Phil Hellmuth, yana ɗan shekara 24, ya hana shi ci na uku. A 1991 ne kyautar zakara ta fara kaiwa dala miliyan 1. Duk tsawon waɗannan shekaru masu shiga ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, yawancinsu kuwa mutane ne da ba su da wata sana'a sai caca.

Al'amarin ya canza ne a 2003. Wani akawun lissafi daga jihar Tennessee, wanda ba kowa ya san shi ba, ya shiga wata ƙaramar gasa ta intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya ci kujerar shiga babbar gasar, ya je ya kayar da gwanaye a cikin mutum 839, ya tashi da dala miliyan 2 da rabi. Sunansa na yanka kuwa Chris Moneymaker, kalmar ta biyu ma'anarta a Turanci ita ce mai yin kuɗi. Gidajen talabijin suka yi ta nuna shi, kamfanonin caca suka yi ta talla da shi, suna nuna wa ma'aikaci da ɗalibi cewa shi ma gobe yana iya zama haka. A shekara mai zuwa, 2004, masu shiga suka kai 2,576. A 2006 suka kai 8,773, Jamie Gold ya ci dala miliyan 12. A 2023 mutum 10,043 suka shiga, Daniel Weinman ya ci dala miliyan 12 da dubu 100. A 2024 aka samu 10,112, Jonathan Tamayo ya ci miliyan 10. A 2025 kuma Michael Mizrachi ya ci miliyan 10.

Wannan shi ne tarihin kamar yadda ake karanta shi: suna ɗaya a kowace shekara, da adadin abin da ya kwasa.

LISSAFIN DA BA A NUNAWA

To, amma daga ina waɗannan miliyoyi suke fitowa? Ba gwamnati ce ta bayar ba, ba kuwa wani attajiri ba ne ya yi kyauta. A ɗauki shekarar 2023 a yi lissafi irin na 'yan makarantar firamare. Mutum 10,043 kowa ya zuba dala 10,000, jimla ta zama dala miliyan 100 da dubu 430. Masu shirya gasar suka cire dala 700 daga kuɗin kowane mutum, watau fiye da dala miliyan 7, tun ba a raba karta ko ɗaya ba. Ragowar, dala miliyan 93 da ɗoriya, aka raba wa mutum 1,507. Saura mutum 8,536 suka koma gida hannu rabbana, sun bar dala miliyan 85 da 'yan kai a kan tebur.

Ke nan a cikin kowane mutum 100 da suka shiga, 15 ne suka samu wani abu, 85 suka yi asarar dukan abin da suka zuba. Duk ɗigon zinariyar da ke cikin munduwar zakara, da duk takardar kuɗin da aka jibge a gabansa, daga aljihun waɗannan ya fito. Ba a shuka komai a zauren nan ba, ba a saƙa ba, ba a ƙera ba, ba a kai wa kowa kaya daga wani gari zuwa wani ba. Kuɗi ne kawai suka tashi daga hannun mutane da yawa suka koma hannun kaɗan, mai gida ya yanki nasa a tsakani. Sunayen zakaru na shekara hamsin da 'yan kai ba za su cika shafi biyu ba. Da za a rubuta sunayen waɗanda suka biya, da sai an yi littattafai.

CACAR LARABAWAN JAHILIYYA

Wannan siffa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta tafsiri. Kalmar da Alƙur'ani Mai Girma ya kira caca da ita ita ce maisir, malaman lugga da yawa kuwa sun ce ta fito ne daga yusur, watau sauƙi, domin mai ci yana karɓar dukiyar wani cikin sauƙi ba tare da wahala ba. Malaman tafsiri sun bayyana yadda Larabawa suke yin ta kafin Musulunci. Mutum goma za su sayi raƙumi bashi, su yanka shi. Suna da kibiyoyi goma marasa tsini, bakwai masu rabo, uku marasa komai. Ta farko tana da kashi ɗaya, ta biyu kashi biyu, haka har ta bakwai, wadda ake kira almu'alla, mai kashi bakwai. Jimlar kashi 28 ke nan. Sai a zuba su a cikin jaka, a ba wani amintacce ya girgiza, ya riƙa fitarwa da sunan kowa. Wanda kibiya mai rabo ta fito masa ya ɗauki kasonsa na nama. Mutum ukun da suka samu marasa rabo su ne za su biya kuɗin raƙumin gaba ɗaya, ba su kuwa ɗanɗana ko tsoka ba.

Abin lura shi ne, wannan caca ta manyan gari ce, kuma abin alfahari ce a wurinsu. Sukan yi ta a lokacin sanyi da fari, waɗanda suka ci kuma galibi ba sa kai naman gida, sai su raba wa matalauta. Mawaƙa suna yabon mai yin ta, wanda ya ƙi shiga kuwa suna kiransa baram, suna zarginsa da rowa. Su ma suna da zakarunsu da masu yi musu kirari.

To, a dubi wannan da kyau. A cacar jahiliyya mutum bakwai cikin goma suna samu, uku ne suke asara, naman kuma yana ƙarewa a tukunyar talaka, amma duk da haka Allah ya haramta ta. Ina ga wadda mutum 85 cikin 100 suke biyan kuɗin raƙumi, talaka kuwa ba ya ganin ko ƙashi?

Haramcin ya zo ne daki-daki, tare da na giya. A aya ta 219 ta Suratul Baƙara an amsa tambayar da aka yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da su biyun, aka tabbatar da cewa akwai ɗan amfani ga mutane a cikinsu, amma laifinsu ya rinjayi amfanin. Daga baya ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke magana, suka jera caca tare da giya da gumaka da kibiyoyin duba, suka siffanta su da ƙazanta daga aikin Shaiɗan, suka yi umurni da a nisance su. Aka kuma faɗi dalili: suna haddasa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, suna kange su daga ambaton Allah da salla. Umurni da nisanta ya fi hani ga aikatawa ƙarfi, domin ya haɗa da zama a wurin, da taimakawa, da yi wa abin talla. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa ko gayyatar aboki zuwa caca da baki kawai laifi ne da ake neman mutum ya yi sadaka saboda shi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ji labarin wasu da ke zaune a gidanta suna da kayan wasan nardu, wanda ake yi da ƙwaya mai ɗigo-ɗigo irin ta lido, ta aika musu cewa ko su fitar da shi ko ta fitar da su. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Zazzau tun kaka da kakanni, shi ma ya hana wannan wasa.

HUJJOJIN MASU KARE TA

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce, wai foka gwaninta ce, ba sa'a ba ce. Gaskiya ne akwai lissafi da haƙuri da karanta fuskar mutum a cikinta, ba don haka ba da mutum ɗaya bai ci sau uku ba. Amma malamai ba su rataya haramcin caca a kan rashin gwaninta ba. Siffarta a wurinsu ita ce, mutane su zuba dukiya a kan sharaɗin cewa kowannensu ko dai ya ci ta abokinsa ko abokinsa ya ci tasa, gwargwadon abin da ba wanda ya san yadda zai kasance. Duk inda aka samu wannan siffa an samu caca, ko da karta ce, ko dara, ko ƙwallon ƙafa. Gwaninta ma ƙara wa abin muni take yi, domin gwanin foka ba daga sama yake samun abincinsa ba, daga wanda bai kai shi iyawa ba yake samu. Kullum addu'arsa ita ce wawa mai kuɗi ya zauna a teburinsa.

Wanda kuma yake ganin gwaninta tana tsirar da mai ita, sai ya dubi Stu Ungar. 'Yan foka da yawa sun tafi a kan cewa ba a taɓa yin gwani kamarsa ba. Bayan nasarorinsa na 1980 da 1981, abin da ya ci a karta ya riƙa zubar da shi a cacar tseren dawaki da ta wasanni da kuma hodar iblis. A 1997 ba shi da ko kuɗin shiga gasa, sai wani abokinsa ne ya biya masa. Ya ci a karo na uku, aka ba shi dala miliyan 1, suka raba da wanda ya biya. Cikin 'yan watanni kasonsa ya ƙare. A ranar 22 ga Nuwamba 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, da kimanin dala 800 a tare da shi, sai da aka yi karo-karo aka yi masa jana'iza. Akwai kuma Archie Karas, haifaffen ƙasar Girka, wanda ya shiga Las Vegas a ƙarshen 1992 da dala 50, ya ci manyan zakaru har da Ungar ɗin, dukiyarsa ta kai kimanin dala miliyan 40, sa'an nan a 1995 ya mayar da ita duka inda ya samo ta. Ba dukan zakaru ne suka ƙare haka ba. Doyle Brunson ya rayu har 2023, ya mutu yana da shekara 89 da sunansa a cikin mutanensa. Amma hukuncin Allah bai dogara ga yadda mai laifi ya ƙare a duniya ba, labarin waɗannan biyu kuwa ya isa ya nuna cewa caca ba ta ƙoshi, ba ta kuma sakin wanda ta kama don ya iya ta.

Hujja ta biyu ita ce, wai ai noma da kasuwanci su ma caca ne, tun da manomin tumatir yana iya kashe kuɗinsa kaf a taki da ban ruwa, kaya su yi yawa a kasuwa, ya sayar da kwando a kan abin da bai biya kuɗin mota ba. Bambancin a fili yake. Manomin Kudan ko na Hunƙuyi idan gonarsa ta yi kyau, shi ya samu, ɗan ƙodago ya samu, direba ya samu, dillali ya samu, uwargida a Legas ta yi miya. Ribarsa ba ta bukatar wani ya faɗi. Idan kuwa ya yi asara, ba wanda ya zauna yana jiran ya kwashi abin da ya zube. A teburin caca kuwa ba yadda za a yi ɗaya ya yi dariya sai ɗaya ya yi kuka.

Hujja ta uku ita ce, ai da yardar kowa aka yi. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana cin dukiyar juna a kan ɓarna, ta ambaci yarda ne a cikin ciniki. Yarda ba ta halatta abin da Allah ya haramta, kamar yadda ba ta halatta riba ko zina. Kuma ba wanda ya taɓa zuba kuɗinsa a caca da nufin ya ba abokinsa. Ya zuba ne da kwaɗayin ya ci. Shi ya sa idan aka cinye shi zuciyarsa ba ta huce wa, daga nan gabar da Alƙur'ani ya faɗa take tsirowa.

Kada kuma a zaci Musulunci ya hana gasa da kyauta. An ruwaito halaccin sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, saboda amfaninsu wajen tsaron al'umma. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ana ba zakarunta kyaututtuka masu tsoka, amma daga hannun hukuma da masu hali suke fitowa, yaron da bai ci ba kuwa ba ya rasa komai, sai ma ƙarin tilawa da ya koma gida da ita. Haka nan jefa ƙuri'a don raba gardama tsakanin masu haƙƙi daidai halal ne, Manzon Allah ya kasance yana yin ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

ABIN DA YA SHAFI GIDA

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Ikara da Las Vegas? Amsa ita ce, hannun da ya kai akawun nan kan teburin gasa a 2003, watau cacar intanet, shi ne yau yake cikin aljihun samarin ƙasar nan. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin caca: 'yan karta a bayan kasuwa da bakin tasha, da waɗanda suke bin bukukuwan kalankuwa bayan kaka suna jiran kuɗin amfanin gona. Amma a da ɗan caca yana ɓuya, ba a ba shi aure cikin sauƙi, ba a kuma karɓar shaidarsa. Yanzu shagunan cacar ƙwallon Turai suna da allon suna da fitila a bakin titi, wanda yake jin kunyar shiga kuma yana iya yi a cikin ɗakinsa da waya, mahaifinsa yana zaure bai sani ba. Dabarar tallar kuwa ita ce dai ta Las Vegas: a nuna mutum ɗaya da ya sa naira 100 ya ci dubbai, a yi shiru a kan dubban da suka sa ba su ga komai ba.

Yankin Maƙarfi da Kudan da Ikara ƙasar rake ce da tumatir da barkono da masara. Mai rake yakan yi kusan shekara yana ɗawainiya, daga dashe zuwa ban ruwa zuwa sara, kafin mota ta zo ta ɗauka ko a dafa mazarƙwaila. Kuɗin da ya shigo a lokaci guda shi ne na takin baɗi, da sadakin yaro, da kayan ɗakin yarinya, da asibitin tsohuwa. Irin wannan kuɗi ne caca take farauta. Saurayin da aka aika kasuwa da kuɗin kaya, ya ce bari ya juya su kafin yamma, idan aka cinye shi ba gida zai nufa ya faɗi gaskiya ba, rance zai nema don ya fanshe. Daga rance sai jinginar da babur, daga nan sai ɗibar hatsi a rumbu da dare, sai ƙarya, sai rantsuwa. Garin neman gira an rasa ido. Su kansu kamfanonin ba abin amincewa ba ne: a ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin shari'a na Amurka suka rufe shafukan manyan kamfanoni uku na foka ta intanet, aka kuma gano cewa ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, kuɗin da ke hannunsa bai kai ko kusa da abin da 'yan wasa suka ajiye a wurinsa ba.

Hukuma tana da nata nauyin. Tun a 1977 gwamnatin soja ta kafa dokar hana injunan caca a Nijeriya. Jihar Kaduna tana da kotunan shari'ar Musulunci tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, ɗan wannan yanki. A 2024 hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama. A ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara al'amarin caca haƙƙin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja. Ke nan ba sauran uzurin cewa hannun jiha a ɗaure yake. Ya rage wa jama'a su tambayi wakilansu a majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi abin da suka yi da wannan dama.

Amma doka ba ta shiga ɗaki ta duba waya. Wannan aikin iyaye ne da malamai da limamai da masu unguwanni. Uba ya san inda kuɗin ɗansa suke tafiya. Mai shago ya sani cewa kuɗin hayar da ya karɓa daga gidan caca taimako ne a kan saɓo. Malamin Islamiyya ya koya wa yara lissafin nan na mutum 85 cikin 100 tare da ayar Ma'ida, domin yaron da ya gane inda kuɗin zakara suke fitowa ba zai ruɗu da hotonsa ba. Saurayin da yake son jari kuma ga adashi nan, wanda kowa yake zubawa kowa kuma yake kwasa daidai abin da ya zuba, ga kiwon tumaki, ga haɗa hannu da mai jari a raba riba bisa ƙa'idar ƙirali.

Wanda ya riga ya faɗa, ƙofar tuba a buɗe take. Ya daina nan take, kada ya ce sai ya fanshe abin da aka ci masa, domin wannan tunani shi ne igiyar da ake jan ɗan caca da ita har kabari. Ya goge abin daga wayarsa, ya rabu da majalisar da take kai shi. Abin da ya ci na mutane, malamai sun ce ya mayar wa masu shi idan ya san su, idan bai san su ba ya fitar da shi ga mabukata don ya tsarkake hannunsa. Dangi kuma kada su kore shi da gori, su riƙe shi su ba shi abin yi.

Allah ya azurta Musulmi da halal mai albarka, ya wadatar da zukatansu da ita ga barin haram. Allah ya shiryi samari, ya sa albarka a gonaki da kasuwanni, ya ba shugabanni ikon tsayar da gaskiya. Amin.